Kada A Sabunta

Ranar Asabar, ƙarfe tara da rabi na safe, Zuwaira ta jawo durowar teburinta a layin masu gyaran waya na Babbar Kasuwar Katsina, ta ciro kwamfutar hannun marigayi Malam Babaji, ta kunna ta a gaban masu ita. Shafin da ta sani bai fito ba. Wani farin shafi ne ya fito, da layi ɗaya a tsakiya: a shigar da kalmar sirrin asusun mai na'urar.

Ta juya bayan kwamfutar. Farin salatif ɗin da ta manna yana nan daram, da rubutunta na jan biro: KADA A SABUNTA. Ta sake juyo fuskar, idonta ya kai kusurwar sama. Caji kashi arba'in da ɗaya.

"Lafiya dai?" in ji Mudassir, ɗan marigayin.

"An yi mata afdet," ta ce. "An sabunta manhajar da ke tafiyar da ita."

Alhaji Zakari, ƙanin marigayin, mai buga bulo a Ƙofar Durbi, ya kwaɗa salati da muryar da ta sa duk layin ya waiwayo. "Innalillahi! Wasiyyar yayana! Yarinyar nan ta kashe mamu wasiyya!"

Kwana talatin da takwas ke nan da rasuwar Malam Babaji. Kafin ciwo ya kwantar da shi, ya ɗauki kansa a bidiyo da wannan kwamfuta yana faɗin wasiyyarsa, ya ce kada a kunna sai ranar sadakar arba'in, a gaban dangi. Arba'in ɗin jibi ce, Litinin. Ana cikin zaman makoki bakin cajin kwamfutar ya lalace, ta mutu murus. Ranar Laraba Mudassir ya kawo ta gyara, Alhaji Zakari ya rako shi. Cikin rabin awa Zuwaira ta canza bakin cajin, kwamfutar ta farka, ta ce a bar mata ita zuwa Asabar ta gwada batirin.

A ranar ta lura an taɓa yi wa kwamfutar jelbirek, wato an karya ƙa'idar kamfanin da ya ƙera ta don ta karɓi manhajojin da bai yarda da su ba. Malam ne ya sa aka yi masa haka shekara shida da suka wuce, saboda wata manhajar karanta tsofaffin rubuce-rubucen Ajami, da wata mai sa wa ma'ajiyar hotuna makullin lamba don jikoki, lambar da Mudassir ya ce Hajiya Baraka, matar Malam, kaɗai ta sani. Tun daga lokacin bai sake barin ta hau intanet ba. Zuwaira ta gargaɗe su ƙarara. Ta ce irin wannan in aka sabunta ta komai na iya tafiya, ko bai tafi ba za ta tsaya ta nemi kalmar sirrin da Malam ya tafi da ita kabari. Alhaji Zakari ya ce ta nuna musu wurin don a ja wa yaran gida kunne. Ta nuna musu, suka yi mata godiya.

Yanzu ga shi an taru a kan Zuwaira. Ita kaɗai ce mace cikin masu gyara ashirin da biyu na layin, kuma shekara huɗu ke nan wasu na jiran ranar da hannunta zai zame. Kai, ranar har da masu barin kwastoma a tsaye su zo kallo.

Alhaji Tanko, shugaban layin, ya ratso taron. Mutum ne da ba ya son hayaniya, kuma hanyarsa ta kashe ta ita ce ya ɗora laifi a kan wanda ya fi sauƙin ɗauka.

"Zuwaira, ki ba Alhaji haƙuri, ki miƙa mashi kayanshi."

"Haƙurin me, Shugaba? Ban yi ba."

"A teburinki ta kwana."

"Ta kwana. Ban dai yi ba."

Alhaji Zakari ya miƙo hannu. "Ba ni nan. In kai a yi mata filashin, a wanke ta tas, ko yara sa yi karatu da ita. Abin da ya tafi ya tafi."

Zuwaira ta rungume kwamfutar a ƙirji, ta ja baya. "Filashin kuma? Afdet ƙofa kawai ya kulle, filashin shi ke share ɗakin gaba ɗaya. Wallahi ba ta barin hannuna sai dai ta shiga hannun hukuma."

"Ke! Da wa kike magana haka?" in ji Alhaji Zakari.

"Da kai, Alhaji, kuma da ladabi nake faɗa maka. Ba zan ba ka ba."

Alhaji Tanko ya sha mur. Ya nufi rumfarsa, ya ɗauki lasifikar da ake cigiya da sanarwar jana'iza da ita, ya faɗi sunanta sau uku, Zuwaira Aliyu, tebur na tara, ya ce an dakatar da ita, kada kowa ya kai mata aiki. In har zuwa Litinin ba ta amsa laifinta ba, za a ba wani teburin. Da kansa ya zo ya ɗaura wa durowar kwaɗo. Idonta ya yi ja, amma ko ɗigon hawaye ba ta bari sun gani ba.

Sufeto Hussaini ya iso daga ofishin 'yan sanda na kusa, Alhaji Zakari ne ma ya kira shi. Ya saurari kowa bai katse kowa ba. Zuwaira ta sa kwamfutar cikin ambulan da hannunta, ta liƙe, ta sa hannu a bakin, ta ce Mudassir ma ya sa.

"Ni ban san afdet ba," in ji Sufeton. "Ke kika sani. Zan ajiye ta. Ranar Litinin ki kawo mini abin da zan iya riƙewa, in ba haka ba ƙarar Alhaji ce a gabana."

"Zan kawo, Yallaɓai."

Ta fara da Sammani mai caji. Wutar layin ba abin dogaro ba ce, shi ya sa duk wanda ya gama gyara sai ya kai wa Sammani, mai sola a ƙarshen layin. Tsarinsa kowa ya san shi. Lamba biyu ce, ɗaya a manne jikin na'ura, ɗaya a kati a hannun wanda ya kawo. A saman rumfar ya rubuta da fenti: BA KATI, BA KAYA.

"Malam Sammani, jiya Juma'a ƙarfe nawa na kawo maka kwamfutar nan?"

"Sha ɗaya. Lamba sha bakwai."

"Na karɓa fa?"

"Ƙarfe huɗu, bayan kin dawo daga gida."

"A kunne ka ba ni ko a kashe?"

"A kashe."

"A kashe na sa ta durowa ban duba ba, wannan sakacina ne, na amsa shi. To awa biyar tana kan caji. Me ya sa yau na tarar da ita kashi arba'in da ɗaya?"

Sammani ya shiga warware wata wayar caji da ba ta harɗe ba. "Ƙila hadari ne ya tare rana."

"Jiya? Ranar da ta kusa narka mana kwalta?"

"Wallahi tallahi ban sabunta ta ba, Zuwaira. Dubi wayata." Ya ɗaga 'yar ƙaramar wayarsa mai madannai, an ɗaure bayanta da roba. "Da me zan ba ta intanet?"

"Na yarda. Yanzu rantse mini ba ta bar rumfar nan ba daga sha ɗaya zuwa huɗu."

"Ƙarfe ɗaya da rabi na rufe na tafi masallaci."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Sammani ya koma kan wayar cajin da yake warwarewa. Zuwaira ta dube shi sosai. Ba shi ya danna ba, wannan ta tabbata, don sabuntawa na cin data mai yawa kuma ba shi da abin bayarwa. Amma mutumin da ya yi rantsuwa biyu a kan abu ɗaya ya kasa yin ko ɗaya a kan na biyu, akwai wanda yake rufa wa asiri. Ta tuna Sammani ya yi shekara bakwai yana ɗaukar karatu a zauren Malam Babaji. Ke nan wani ne daga gidan.

Washegari Lahadi da hantsi ta hau Keke Napep daga gidansu a Ƙofar Sauri zuwa Ƙofar Durbi. Ta tarar da Mudassir a zaure yana jera tabarmin sadakar gobe. Ta yi masa gaisuwa, ya amsa a daƙile.

"Malam Mudassir, kai ne magaji. In wasiyya ta fitar da wani abu daga gado, rabonka ne zai ragu. Haka ne?"

Ya saki tabarmar. "Ni kike zargi? Da mahaifina?"

"Ni ma an zarge ni da lasifika, ban mutu ba. Ina kake ranar Juma'a?"

"Mani. Na je faɗa wa dangin Hajiya ranar sadaka. Da asuba na fita, sai magariba na shigo. Ki tambayi duk garin."

"Wa ya ce a kai kwamfutar gyara?"

"Ni. Baba Zakari ma cewa ya yi a bar ta, ɓata lokaci ne. Da ya ga na nace sai ya ce zai raka ni."

Zuwaira ba ta nuna komai a fuska ba. Wanda ke son wasiyya ta mutu, ga kwamfuta ta mutu da kanta, ai ba zai ɗauke ta ya kai a tashe ta ba. Ta cire Mudassir daga lissafinta. Ta leƙa ta tagar zauren, ta hango wani fili a bayan gidan, an jibge bulo a gefe guda, ga tarin yashi.

"Wancan filin fa?"

"Na Malam ne. Baba Zakari ya ce tun bara Malam ya ba shi kyauta, baki da baki. Shi ba ya cikin magada tunda ina raye, ni kuma ban ga abin jayayya da ƙanin ubana ba."

"Zan shiga in gaida Hajiya."

Hajiya Baraka, matar marigayin, tana cikin takaba. Ba ta fita, kuma ba namijin da ba muharraminta ba da zai taka ɗakinta. Duk masu gyaran layin ashirin da ɗaya, da shugabansu, da Sufeton kansa, iyakarsu zaure. Zuwaira kuwa ta cire takalmi ta shige.

Ta durƙusa ta gaishe ta, ina kwana, ya gida, ya ƙarin haƙuri, Allah ya jiƙan Malam ya kai haske kabarinsa. Hajiya ta amsa ɗaya bayan ɗaya, tana jan carbi, ba ta gaggauta ko ɗaya ba.

"Ke ce mai gyaran? An ce kin ɓata mamu wasiyya."

"An ce, Mama. Ban yi ba."

Hajiya ta ɗago ta dube ta. "To zauna."

"Kin san abin da ke cikin wasiyyar?"

"Ni na gyara mashi filo ranar da ya ɗauka. Filin baya ya bayar wakafi, a gina ma matan aure ajin karatu, waɗanda nike koya mawa a tsakar gida rana na dukan su. Amma ni mace ɗaya ce, ɗiyata, kuma abin ni ya shafa. In na faɗa za a ce son kai."

"Kin taɓa faɗa wa wani?"

"Matar Zakari kaɗai, ranar bakwai. Kuka ne ya sa na faɗa."

Sai wata waya ta yi ƙara a kan tabarma, kusa da ƙafar Hajiya. Ta ɗauka, ta amsa ta'aziyyar wani daga Zariya, ta yi godiya, ta ajiye.

"Wayar Malam ce," ta ce. "Ɗalibanshi na nesa sai yanzu labari ke kai masu, lambarshi suka sani. Kullum sai na sa an yi mata caji. Ban iya barin mutum ya kira don gaisuwa ya ji ta a kashe."

Zuwaira ta gyara zama. "Mama, saƙonni na shigowa?"

"Suna shigowa. Na boko ne, Mudassir ke karanta mani in ya samu sarari. Kwanan nan bai zauna ba."

"Ki ba ni izini in duba."

Hajiya ta miƙa mata. Saƙo uku ne a jere daga kamfanin kwamfutar, duk ranar Juma'a: ƙarfe biyu da minti sha ɗaya, biyu da sha uku, biyu da sha shida. Kowanne na cewa an nemi canza kalmar sirrin asusun, ga lambar tabbatarwa. Zuwaira ta karanta su sau biyu. A lokacin da duk garin ke sahu a masallatai, kwamfutar tana kunne, tana kan intanet, a hannun wani da ke ƙoƙarin shiga cikinta.

"Mama, gobe ki ajiye wayar nan kusa da ke. Kada ki ba kowa, ko waye."

"Ko waye," in ji Hajiya, ta tura ta ƙarƙashin filo.

Litinin, bayan an shafa addu'a an raba waina, baƙi suka ragu. Suka rage a zaure: liman, dattawan dangi, Mudassir, Alhaji Zakari, Alhaji Tanko da Sammani. Sufeto Hussaini ya zo da ambulan ɗin. An saki labule a ƙofar da ke shiga cikin gida, Hajiya na zaune a bayansa.

"Me ya kawo mai laifi cikin maganar dangi?" in ji Alhaji Zakari.

"Ni na kawo ta," in ji Sufeton. Ya nuna wa kowa sa hannun da ke bakin ambulan ɗin, sannan ya yage shi.

Zuwaira ta kunna kwamfutar, farin shafin ya fito. Ta ajiye ta a tsakiyar tabarma inda kowa ke gani.

"Akwai hanyar buɗe ta ta halal," ta ce. "Lambar Malam na nan a raye. In Hajiya da Malam Mudassir sun yarda, kamfanin zai turo lamba a wayarsa mu sa sabuwar kalmar sirri. Sai dai ina buƙatar intanet. Duk mai babbar waya ya kunna hotsipot ɗinsa, ya raba mana data."

Mudassir ya kunna. Sufeto ya kunna. Alhaji Tanko ya kunna yana gunaguni. Alhaji Zakari ya duba hagu da dama, ya ga shi kaɗai zai rage, shi ma ya ciro tasa ya kunna.

Zuwaira ta buɗe shafin da ke nuna intanet ɗin da ke kusa, ta naɗe hannuwanta a ƙirji. Sunaye huɗu suka jeru. Ba ta taɓa ko ɗaya ba. Can sai wata 'yar alama ta yi juyi a gefen na uku, ta tsaya, shuɗiyar alamar haɗuwa ta bayyana.

"Yallaɓai, karanta mana wanda ta hau."

Sufeton ya sunkuya. "Alhaji Zakari Bulo."

"Ka ga na sa mata lambar shiga?"

"Ban gani ba."

"To taɓa naka." Ya taɓa, kwamfutar ta nemi lambar shiga. Ya taɓa na Mudassir, ta nema. Na Alhaji Tanko, ta nema.

"To sai me?" in ji Alhaji Zakari. "Tawa ce ta fi ƙarfi, shi ke nan."

"Ba ƙarfi take bi ba, Alhaji, sani take bi," in ji Zuwaira. "Na'ura ba ta hawa intanet ɗin mutum da kanta sai in an taɓa haɗa su an sa mata lambarsa. Wannan shekara shida ba ta hau na kowa ba, ɗan Malam na zaune, ya shaida. Ranar Laraba na duba da idona, ba ta san kowa ba. Yau ta san mutum ɗaya."

Zuwaira ta juya wajen Sammani. "Malam Sammani, ga liman. Yanzu rantse."

Sammani ya rufe fuska da hannu biyu. "Ƙarfe ɗaya saura Alhaji Zakari ya zo. Ya ce dangi ke son ganin ta, yanzu zai maido. Na ce kati fa, ya ce ni Sammani zan tambaye shi kati a kan kayan yayanshi? Ƙanin malamina ne, jama'a! Da wane baki zan hana shi? Ukku da rabi ya maido ta a kashe, ya ce kada in tada maganar. Zuwaira, ki yafe mani."

"Ƙarya yake yi!" in ji Alhaji Zakari.

"Alhaji," in ji Sufeton a hankali, "a wane masallaci ka yi Juma'a? Wa ke kusa da kai a sahu?"

Alhaji Zakari ya kau da kai.

Zuwaira ta jera musu abin tun daga farko, ba ta ɗaga murya ba. Alhaji Zakari ya ji daga matarsa cewa filin baya na cikin wasiyya, filin da ya riga ya ce kyautarsa ce. Ya so a bar kwamfutar a mace, Mudassir ya ƙi. Ya biyo shi kasuwa, ya ji gargaɗinta, har ya sa ta nuna masa wurin da hannunta. Da ya karɓo ta wajen Sammani, ma'ajiyar hotuna na kulle da lambar da Hajiya kaɗai ta sani, bai iya goge bidiyon ba. Sai ya haɗa ta da wayarsa ya danna sabuntawa, don a ce kuskuren mai gyara ne. Sabuntawar ce ta cinye cajin. Da ta gama ta tsaya a farin shafi, ya so ya leƙa ya tabbatar komai ya tafi, ya danna wurin wanda ya manta kalmar sirri har sau uku. Ya ɗauka layin wayar mamaci ya bi shi kabari, ba mai ganin saƙon. Bai san Hajiya na amsa gaisuwa da shi kullum ba.

"Shi ya sa ranar Asabar kowa na jimamin wasiyya, kai filashin kake nema," ta ce. "Ba ka tabbata ba."

Daga bayan labule muryar Hajiya ta fito. "Na yarda a buɗe. Mudassir, zo ka karɓi wayar babanka."

Zuwaira ta sauke kwamfutar daga intanet ɗin Alhaji Zakari, ta hau na Sufeto. Lamba ta shigo, Mudassir ya karanto, ya zaɓi sabuwar kalmar sirri da kansa. Farin shafin ya kauce. Manhajar Ajamin ta tafi, da duk sharhin da Malam ya yi shekara shida yana rubutawa a gefen shafukanta. Wannan ba mai dawo da shi, Zuwaira ta faɗa musu haka kai tsaye, Mudassir ya sunkuyar da kai. Makullin ma'ajiyar hotuna shi ma ya tafi tare da jelbirek ɗin. Ma'ajiyar ta buɗe ba tambaya, bidiyon na nan a sama.

Malam Babaji ya bayyana, jingine da filo, ya rame, yana gyara hula. Ya yi bismilla, ya faɗi rana da wata. Ya ce filin baya wakafi ne ga matan unguwa, bai sayar ba, bai ba kowa ba. Ya ce ƙaninsa Zakari ya ajiye bulo a wurin da izininsa, yana roƙonsa don zumunci ya zama shi ne zai ja ginin. Bayan labule Hajiya ta fashe da kuka. Alhaji Zakari bai ɗago ba har Sufeto ya taɓa kafaɗarsa ya ce su je ofis.

A ƙofar gida Alhaji Tanko ya tari Zuwaira, ya zaro makullin kwaɗon daga aljihu, ya rage murya.

"Ungo, ɗiyata. Gobe ki buɗe abinki. A bar maganar, ta wuce."

Ta dubi makullin, ba ta miƙa hannu ba. "A lasifika ka rufe ni, Shugaba."

"Haba, Zuwaira, ni fa sa'an babanki ne."

"Shi ya sa ban kai ka ƙara ba. Sai da safe."

Talata, ƙarfe takwas, ta zo ta tsaya a gaban tebur na tara da kwaɗonsa a jiki. Ba ta zauna ba, ba ta yi wa kowa magana ba. Masu gyara suka buɗe, suna satar kallonta. Wata mata ta zo da wayar da gilashinta ya fashe, Zuwaira ta ce ta yi haƙuri, an dakatar da ita, ta nuna mata rumfar shugaba ta ce ta je ta tambayi dalili. Ta biyu ma haka. Ta uku, wata tsohuwa mai faɗa, ba ta tsaya tambaya a hankali ba, duk layin sai da ya ji.

Ƙarfe goma da kwata lasifikar ta yi ƙara. Alhaji Tanko ya yi gyaran murya, ya ce ana sanar da jama'a cewa wadda aka zarga ranar Asabar bincike ya wanke ta.

"Wace ce?" Zuwaira ta ɗaga murya daga inda take. "Ranar Asabar tana da suna."

Alhaji Tanko ya sake gyaran murya. "Zuwaira Aliyu, tebur na tara. Ba ta yi laifi ba."

"Sau uku ka faɗa, Shugaba."

Ya faɗa na biyu. Ya faɗa na uku. Sannan ya fito daga rumfarsa, ya ratsa layin tun daga farkonsa, kowa na kallo, ya durƙusa a gaban durowar ya buɗe kwaɗon da hannunsa. Zuwaira ta ja kujerarta ta zauna, ta jona abin narka dalma, ta miƙa wa tsohuwar hannu.

"Kawo wayar, Mama. Me ya same ta?"